Kwafi Biyu a Teburi Ɗaya: Buɗaɗɗiyar Manhaja, Kiɗan Kwamfuta da Sana'ar Turi a Matamaye

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ra'ayoyin da ake yi a kan buɗaɗɗun manhajojin kwamfuta da manhajojin haɗa kiɗa da tura waƙoƙi daga na'ura zuwa na'ura, ta ɗauki garin Matamaye na jahar Damagaram a matsayin fagen nazari. A teburin mai turi ana yin kwafi iri biyu: ana kwafar manhajar da kwamfuta ke aiki da ita, ana kuma kwafar waƙar da wani ya rera. Maƙalar ta nuna cewa ma'aunin da ya dace a ɗora su a kai shi ne izinin mai abu. Da wannan ma'auni ta gano inda buɗaɗɗiyar manhaja za ta amfani gari irin Matamaye, da inda ba ta kai ba tukuna, sannan ta kawo shawarar yadda mawaƙi zai samu rabonsa ba tare da an kashe sana'ar masu turi ba.

1.0 Gabatarwa

Muhawarar kwafin waƙa a duniya ta yi zafi ne tun 1999, lokacin da manhajar Napster ta bayyana a Amurka, ta ba mutane damar musayar waƙoƙi ta intanet, har kotu ta tilasta rufe ta a 2001. Tun daga nan aka saba jin ɓangare biyu: kamfanonin da ke kiran abin sata, da masu amfani da ke kiransa ƴanci. Wannan muhawara ta tashi ne a ƙasashen da mutane da yawa ke da intanet a gida, kuma mawaƙi ke rayuwa da cinikin faifai. Ƙasar Hausa ba ta cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu ba. A nan waƙa ta fi tafiya da ƙafa, a cikin katin memori, kuma mawaƙi ya fi samun abincinsa a wajen biki da hannun ubangida. Saboda haka ɗauko hukuncin can a yanke shi a nan zai iya kai mu ga kuskure. Manufar wannan maƙala ita ce a dubi abin da ke gudana a zahiri, a saurari hujjar kowane ɓangare, sannan a auna.

2.0 Matamaye a Kan Hanyar Waƙa

Matamaye ita ce cibiyar gundumar Kance, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutane kusan 400,000, tana kuma cikin yankunan da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar. Garin bai kai kilomita 100 daga birnin Damagaram ba, kuma yana bisa hanyar da ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Najeriya a Kongolam, ta wuce Daura har Kano. Kaya da yawa da ke fitowa daga kasuwannin Kano zuwa Damagaram suna ratsawa ta nan, kuma waƙa na cikin kayan.

Tun bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, Kano ta zama matattarar finafinan Hausa da waƙoƙinsu. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda hanyoyin da ƴan kasuwar Ƙofar Wambai suka shimfiɗa don rarraba kaset na kwafi su ne daga baya suka ɗauki finafinan Hausa zuwa garuruwa. Kaset ya wuce, faifan CD ya biyo bayansa ya wuce, hanyar kuwa tana nan. Yanzu mai turi ne ke riƙe da ita: matashi da teburi da kwamfutar hannu ta gwanjo da lasifika, a tasha ko bakin kasuwa, sau da yawa yana haɗawa da cajin waya. Mai saye zai miƙa memori, ya faɗi abin da yake so, Hamisu Breaker ne ko Ado Gwanja ko Umar M. Shareef, ko tsofaffin waƙoƙin Mamman Shata da Ma'azu Ɗan Alalo, ko tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, a zuba masa a kan ƴan kuɗi kaɗan. Daga nan abin zai bazu kyauta ta Bluetooth da Xender da WhatsApp.

Dalilan ɗorewar sana'ar a fili suke. Data tana da tsada ga manomi da ɗan ci-rani, layin waya kan yi rauni da zarar an bar kwalta, kuma masu ƙananan wayoyi da ba sa hawa intanet suna da yawa. Wuta ma ba tabbas: yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogaro da layin da ya taso daga Katsina, kuma kowa ya ga halin da aka shiga daga Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar, har zuwa Maris ɗin 2024. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, amma sabuwar waƙar Kano ba ta daina kwana a Matamaye ba.

3.0 Mece ce Buɗaɗɗiyar Manhaja?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda sauran manhajoji ke hawa kanta. Wadda aka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Rufaffiya ce: kamfanin ne kaɗai ke riƙe da rubutun asalin da aka gina ta da shi, kuma abin da mai saye ya biya shi ne lasisin amfani. Misalinta kamar babur ne da aka sayar maka an like murfin injinsa, aka ce ko ya lalace ba mai buɗewa sai kamfani.

A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka don gina babbar manhajar da kowa zai iya amfani da ita, ya karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma rarraba. A 1989 ya fito da lasisin GPL, wanda sharaɗinsa shi ne duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba, to ya bar wa na gaba irin damar da ya samu. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya rubuta ƙwayar manhajar Linux, wadda ta cike giɓin da ya rage. A 2004 kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu don sauƙaƙa ta ga wanda ba masani ba.

Abu biyu ya kamata a riƙe a nan. Na farko, lasisin GPL a kan dokar haƙƙin mallaka ya tsaya. Marubutan manhajar suna da haƙƙinsu, su ne kuma suka ba da izinin a kwafa. Na biyu, mutanen Matamaye sun riga sun daɗe suna amfani da wannan aiki ba tare da an faɗa musu ba. Android, wadda ke cikin manyan wayoyin Tecno da Infinix da Itel, a kan ƙwayar Linux aka gina ta. VLC, da kusan kowane mai turi ke kunna bidiyo da ita, buɗaɗɗiya ce, ɗalibai ne suka faro ta a Faransa. Saƙon murya na WhatsApp ma da buɗaɗɗen tsarin sauti na Opus ake naɗe shi.

4.0 Ra'ayoyi Kan Babbar Manhaja

4.1 Masu goyon baya

Hujjar da masu goyon bayan Linux suka fi kawowa ita ce ba a sayen ta. Wannan hujja ba ta da ƙarfi a kasuwarmu, domin Windows ɗin da ke kan mafi yawan kwamfutocin gwanjo ma ba wanda ya saya. Mai gyara ne ke ɗora fasasshiya a kan ladan aikinsa kawai. Wanda bai taɓa biya ba, ba za a burge shi da kyauta ba.

Hujjojin da suka fi nauyi su ne waɗanda suka taɓa aikin yau da kullum. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, kuma Windows 11 tana neman na'urar da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su kai ta ba. Su kuwa tsofaffin su ne kwamfutocinmu. Nau'o'in Linux marasa nauyi, irin su Lubuntu da Emmabuntüs, wadda aka ƙirƙira a Faransa musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, suna ci gaba da samun gyara a kan irin waɗannan na'urori. Sai kuma cutar nan da kowane mai turi ya sani, wadda ke ɓoye fayilolin memori ta bar inuwarsu kawai. Don Windows aka rubuta ta, ba ta tashi a kan Linux. Kwamfutar da ake soka wa memorin mutane daban-daban daga safe har dare ita ce ta fi kowace buƙatar wannan kariya. Akwai kuma batun harshe: duk wanda ya iya yana da damar fassara buɗaɗɗiyar manhaja zuwa Hausa, da haruffanta masu lanƙwasa, ba sai ya jira kamfani ya ga riba a ciki ba.

4.2 Masu suka

Masu suka ma ba su rasa gaskiya ba. Mai gyaran kwamfuta a Damagaram ko Daura Windows ya koya, kuma wanda Linux ɗinsa ta ba shi matsala zai iya rasa mai duba masa. Ɗora sababbin manhajoji a Linux ya fi sauƙi da intanet, alhali Windows da kayanta suna yawo a filashi, hannu da hannu. Wasu injinan buga takarda da na ɗaukar sauti ba sa aiki yadda ya kamata. Ɗalibin da ke neman aikin ofis kuma ya san Word da Excel za a tambaye shi. Ko a Turai sauyin bai zo da sauƙi ba: birnin Munik na Jamus ya koma Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, ko da yake jandarmomin Faransa sun koma nau'insu na Ubuntu sun kuma ɗore a kai.

Abin da za a fahimta daga waɗannan misalai shi ne sauyi kan yi nasara ne a inda hukuma ɗaya ta ɗauki nauyin horo da gyara. Ɗaiɗaikun mutane da aka bari su kaɗai sukan koma abin da maƙwabci ya iya.

5.0 Manhajar Kiɗa

Kiɗan finafinan Hausa ya tashi ne a kan fiyano na Yamaha, daga baya kwamfuta ta karɓi ragamar. Manhajoji uku ne suka yi fice: FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, da Cubase ta Steinberg na Jamus, da Auto-Tune wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, mai gyara murya ta ba ta wannan karkarwar da kunnen Bahaushe ya saba da ita a waƙoƙin nanaye. Dukkansu rufaffu ne, kuma kamfanoninsu ba su yi su don Linux ba.

Tasirin wannan salo ya ƙetare ƙasar Hausa. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu ɗan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin muryar kwamfutar da ake yi wa waƙoƙin Hausa. Waƙoƙin suka bazu a wayoyi har arewacin Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsince su, ya sa ɗaya a kundin Music from Saharan Cellphones na 2011. Yau makaɗin yana zagaya duniya.

Cikakkiyar FL Studio da ake iya ɗaukar murya da ita ta daɗe tana kusan dalar Amurka 200, wato sama da sefa 100,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 42,000 tun 2024. Ko mai kuɗin ma sai ya samu katin banki da ke sayayya a waje. Don haka matashin da ya buɗe ɗakin kiɗa a ƙaramin gari kusan kullum da fasasshiya yake farawa. Yana kuma biyan farashinta ta wata hanyar: ba ya iya sabuntawa, fasassun manhajoji sukan zo da cuta a ciki, kuma aikin da ya adana a tsarin manhajar ba ya buɗuwa sai da ita. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai buɗaɗɗun madadi. Audacity, wadda ta fito a 2000, tana ɗaukar murya, tana yanka, tana rage hayaniya. Ardour tana haɗa layukan sauti masu yawa. LMMS ta yi kama da FL Studio a tsari, Hydrogen kuma ta ganguna ce, Ubuntu Studio ta tattara irin waɗannan wuri ɗaya. Sai dai a faɗi gaskiya: ga mai haɗa kiɗan nanaye ko na siyasa, wanda ake jira ya gama waƙa kafin gobe, kuma dukan sautukan da yake aro daga abokan sana'a na Kano na FL Studio ne, waɗannan ba su kai su maye gurbi ba tukuna. Wanda ya ce masa ya sauya yau, ya ce masa ya bar sana'a ne.

Inda suka wadatar shi ne aikin murya zalla: shirye-shiryen gidajen rediyon karkara, ɗaukar wa'azi da karatu, darussan makaranta, da juyar da tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Audacity tana hawa kan Windows ma, don haka ana iya fara ta ba tare da an taɓa babbar manhaja ba.

6.0 Turi: Wa Ya Ci, Wa Ya Yi Asara?

A nan ne ake yawan cakuɗa abubuwa biyu. Sau da yawa mai sha'awar buɗaɗɗiyar manhaja kan ɗauka cewa aƙidarsa ta halatta kwafar waƙa. Ba haka ba ne. Wanda ya kwafi Ubuntu ya yi ne da yardar masu ita, a rubuce. Wanda ya kwafi waƙa ya sayar, ba wanda ya tambayi mawaƙin. A shari'ance, Nijar tana da dokar haƙƙin mallaka ta 23 ga Disamban 2010, tana da hukumar BNDA mai karɓa wa masu fasaha haƙƙinsu, tana kuma cikin ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha, da yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Najeriya ma ta sabunta tata dokar, aka sa mata hannu a 2023. A takarda dai babu shakka a kan hukuncin.

Masu kare turi suna da amsa, kuma amsar tana da tushe a tarihi. Makaɗin Hausa bai taɓa rayuwa da sayar da waƙa ɗaya-ɗaya ba. Ubangida ne ke ba shi doki da riga, ƴan biki su yi masa liƙi, kuma yaɗuwar waƙarsa ita ce ke ƙara masa daraja. Mawaƙin zamani ma haka: wanda ya sa a yi masa waƙa ya biya tun farko, kuma waƙar da ta cika wayoyi ita ce ke jawo gayyatar biki da ta ƴan siyasa. Shi ya sa sabon mawaƙi da kansa kan kai wa masu turi waƙarsa yana roƙon a saka wa mutane. A wurinsa mai turi gidan rediyo ne.

Amma wannan amsa ta shafi mai tashe ne kawai, mai ƙarfin hawa dandamali. Ba ta shafi mai kiɗan da aka sallama sau ɗaya ba, ko matan da suka yi amshi, ko tsohon da murya ta tafi, ko magadan wanda ya rasu, ko mai shirya fim da ya zuba jari yana jiran ciniki. Durƙushewar kasuwar faifai a Kano, wadda ta kora masu fim da yawa zuwa YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, shaida ce cewa asarar ta gaske ce.

Akwai wata asarar da ba a cika lissafawa ba, ita ce ta suna. Fayil yakan rasa sunansa a hanya. WhatsApp kan mayar da shi lambobi da kwanan wata, mai turi ya sake masa suna yadda ya ga dama, a matse shi don ya shiga ƙaramin memori har sautin ya dushe. Sai da Kirkley ya yi cigiya kafin ya gano wasu daga cikin masu waƙoƙin da ya tattara. Mawaƙin ƙauye daga ƙasar Kance wanda waƙarsa ta bazu babu suna ya rasa har wannan darajar da ake cewa turi na jawowa. Manazarcin da zai zo nan gaba kuma zai tarar da dubban waƙoƙi babu mai su, babu shekara, babu gari.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, makarantu da gidajen rediyon karkara da ofisoshin ƙananan hukumomi su ne wurin fara amfani da buɗaɗɗiyar manhaja, domin aikinsu bai dogara da manhajar kiɗa ta kasuwa ba. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da hukumar ANSI mai kula da fasahar sadarwa za su iya horar da masu gyaran kwamfuta na garuruwa, a kuma tanadi filashi mai ɗauke da cikakkun manhajoji don a ɗora ba da intanet ba.

Na biyu, a bar masu ɗakin kiɗa da kayan da suka iya, a koya musu adana kwafin kowane aiki a buɗaɗɗen tsarin sauti irin FLAC, wanda ba ya rage inganci, kuma ba ya jingina da manhajar kamfani ɗaya.

Na uku, a yi wa masu turi rajista ta hanyar ƙungiyarsu, su riƙa biyan wani ƙayyadadden kuɗi mai sauƙi a wata, tare da jerin waƙoƙin da aka fi nema, don rabon ya bi abin da jama'a ke saurare. Kame da ƙwace kwamfuta ba zai hana Xender aiki ba, zai dai raba matashi da abincinsa. Burkina Faso ta nuna wata hanyar, inda hukumar haƙƙin mallaka ta BBDA ke karɓar kaso a kan na'urorin kwafi tun a hannun kwastan. Da yake yawancin waƙoƙin da ake turawa a Matamaye na mawaƙan Najeriya ne, dole a samu fahimta tsakanin hukumomin ƙasashen biyu.

Na huɗu, mawaƙi ko malamin da ke son a yaɗa aikinsa kyauta ya faɗa a fili. Lasisin Creative Commons, da aka fara fitarwa a 2002, ya tanadi sharuɗɗa irin su a ambaci sunan mai abu, ko a rarraba amma kada a sayar. A al'ummar da sauraro ya fi karatu yawa, ana iya furta sharaɗin da baki a farkon sautin, tare da suna da gari da shekara.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa arha ba za ta jawo mutanen Matamaye ga Linux ba, sai dai tsawon ran tsohuwar kwamfuta da tsaron memori da damar fassara. Ta nuna cewa buɗaɗɗun manhajojin sauti sun isa aikin rediyo da makaranta da adana tarihi, amma ba su isa ɗakin kiɗan kasuwa ba. Ta kuma nuna cewa turi yana ɗaga mawaƙi mai tashe, yana tauye waɗanda ke bayansa. Darasin da sana'ar waƙa za ta ɗauka daga buɗaɗɗiyar manhaja shi ne cewa rarrabawa da haƙƙin mallaka suna iya zama tare, muddin mai abu ne ya gindaya sharaɗi kuma sunansa ya bi aikinsa. Aikin da ya rage wa manazarta shi ne ƙidayar masu turi da ɗakunan kiɗa na gundumar Kance, da bin sawun kuɗin da ke shiga hannunsu, domin a kan wannan ne kawai za a iya yanka kason da ba zai cuci kowa ba.